Jirgin 'Yar Baba Balas

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a manyan jiragen ruwa, amma da ya dawo gida bai zo da wani abin da za a taru a kalla ba. Akwatin ƙarfe guda ne, da gwiwa mai ciwo, da wata kalmar Turanci da ta liƙe masa a baki. Kalmar ita ce balas.

A bakin ma'aikatan jirgi ya tsince ta tun yana saurayi. Jirgi idan ya sauke kayansa ya zama fanko, ba ya iya kama hanya haka nan, sai an zuba masa wani nauyi a can ƙasan cikinsa, ko ruwa, ko duwatsu, ko ƙarfe. Nauyin nan ba kayan kowa ba ne, babu mai jiransa a tasha, babu mai tambayar lafiyarsa, amma in babu shi iska kaɗan ta isa ta kwantar da jirgi a kan haƙarƙarinsa. Shi ne balas. Tsohon ba mai yawan magana ba ne, sai dai in ya ga an loda mota an tara nauyin a sama, ko jikarsa ta ɗora tukunya a kan kujera mai lanƙwasasshiyar ƙafa, sai ka ji ya ce, "Ina balas ɗinta?" Tun ana dariya har sunan ya bi shi. Yara da manya, Baba Balas.

Yana da shekara hamsin da tara ya shiga ajin manya na yamma, don ya gaji da miƙa wa mutane takarda su karanta masa. Wata rana malamarsu ta ce kowa ya kawo kalmar Turanci ɗaya da ya sani tun kafin ya zo aji. Da aka zo kansa ya faɗi tasa, sai ta jawo ƙamus ta buɗe. Ashe ba ma'ana ɗaya gare ta ba. Tsakuwar da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin layin dogo, sunanta ke nan. Wadda magina ke kwaɓawa da siminti ma haka wasu ke kiranta. Har wani ɗan akwati da ke cikin doguwar fitilar lantarki, mai hana wuta yin yawa, shi ma balas ne.

"Ikon Allah," in ji tsohon. "Ashe ta riga ni sauka daga jirgi, har ta sami aiki uku a tudu." Sannan ya ce, "Malama, wacce aka fara rubutawa?"

"Taka, Baba. Ta jirgi ce a sama."

Ya sa ta ɗora masa yatsa a kan layin. Ya daɗe yana kallo.

Akwai ma'ana ta biyar wadda ba ta cikin ƙamus, ita kuwa a wurin aikin 'yarsa ya ji ta.

Autarsa ce, mai sunan mahaifiyarsa, shi ya sa a gida Uwata yake ce mata. Ta yi karatun ƙera jirage, ta fito injiniya. Wani ƙaramin kamfani da ke bakin kogi, wanda shekara ashirin ba ya ƙera komai sai tankunan ruwa da ƙofofi da bodin motoci, ya karɓi aikin jirgin fasinja mai ɗaukar mutum arba'in, mai bene a sama, ya ɗauke ta ta tsara shi. Masu waldar wurin gwanaye ne, ba ƙarya, in suka ɗinke ƙarfe ko iska ba ta samun hanya. Sai dai duk abin da suka taɓa ƙerawa a ƙasa yake zama. A bakinsu, duk wanda ya sami inuwa ya zauna ana aiki, balas ne. Da suka ga wani tsoho yana zuwa kullum da safe ya zauna a kan durom yana kallon jirgi, suka kuma ji sunansa, sai suka ce wanda ya raɗa sunan nan Allah ya yi masa albarka.

Wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi wata magana ce da ke yawo a tsakaninsu, wai tsohon ne ke raɗa wa yarinyar komai a gida, ita dai sa hannu kawai take yi. Maganar ta kai kunnenta, ta kai kunnen mai kamfanin. Shi kuwa mai kamfanin ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: in jirgin nan ya ci gwajin sufeton hukuma, wasu jirage biyu da za a ƙera nan gaba nata ne, in ya faɗi, zai ɗauko wani daga waje.

Ranar gwajin ta shigo falo da sassafe da takardunta a hannu, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ina so ka zo yau. Amma ina da roƙo."

"Faɗi, Uwata."

"Ka zauna a kan durom ɗinka ka yi kallo. Kada ka sa baki, kada ka sa hannu. Ko me ka gani."

Mahaifiyarta tana zuba shayi, ta yi dariya har buta ta karkace. "Wannan? Kin taɓa ganin an kai kaza wurin shanya an ce ta yi kallo?"

"Ke dai cika min kofin," in ji tsohon. Ya juya wurin 'yarsa. "Shekara talatin da ɗaya ban taɓa gyara wa kaftin magana a gaban mutane ba. Ba a kanki zan fara ba. Na yi alkawari."

Ƙarfe takwas saura ya isa. Jirgin yana ɗaure a jikin gadar katako, fari da shuɗi, sai ƙyalli yake. An share filin tas, an kawar da igiyoyin walda, ƙamshin sabon fenti ya cika wurin. Heluma, shugaban ma'aikatan, wani ƙaƙƙarfan mutum mai tabon walda a hannuwa biyu, ya hango shi daga nesa.

"Baba Balas! An zo a danne mana durom kada iska ta ɗauke shi?"

"To, Heluma, kowa da aikinsa."

Ya zauna, ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya yi abin da yake yi kullum kafin komai: ya dubi goshin jirgin. Akwai lambobi da ake rubutawa a nan, daga ƙasa zuwa sama, biyu, huɗu, shida, takwas, masu nuna iyakar nutsewar jirgi a ruwa. Waɗannan kam ya san su tun kafin ya san harafi ɗaya. Mako uku ke nan da saukar da jirgin, kuma kowace safiya ruwa yana lasar ƙafar takwas, shida tana nutse ba a ganinta.

Yau takwas tana tsaye a bushe. A ƙarƙashinta kan shida ya leƙo.

Da farko ya ce a ransa ko kogin ne ya janye, sai kuma ya ji kunyar kansa, ai jirgi da ruwa tare suke sauka. Yana cikin haka wani kwalekwale mai inji ya wuce, igiyar ruwansa ta zo ta bugi jirgin. Jirgin ya karkata. Tsohon ya fara ƙirga a zuci kamar yadda aka koya masa. Jiya kafin ya kai huɗu jirgin ya je ya dawo. Yau ya karkata ya tsaya, kamar mai shawarar ko ya dawo ko kada ya dawo, sai da ƙirgen ya kai bakwai.

Ya waiga a hankali. Daga bakin gadar akwai sawun baro, ba ɗaya ba, ba goma ba, da jan garin tsatsa a kansa, ya bi ta gefen rumfar walda ya nufi inda ake tara tsoffin ƙarafa. A nan ya gane. Curin ƙarfe ɗari da tamanin da ta jera da hannunta a ƙarƙashin daɓen jirgin, babu su a ciki.

Ya san yadda gwajin yake. Sufeto zai sa nauyin mutum arba'in a kan benen sama, ya ce duk su koma gefe guda. Ma'aikatan nan kuwa su ne za su hau, kuma rabinsu ko a kwano aka sa su ba su iya iyo ba.

Ya yunƙura zai tashi, ya koma ya zauna. Ga ta can a ƙarƙashin rumfa tare da mai kamfanin, ta juya wa kogin baya, tana jera takardu. Shekaranjiya ta duba jirgin ciki da waje, jiya kuwa wuni ta yi a ofishin hukuma, babu dalilin da zai sa ta sake ɗaga katakon daɓen. In ya ɗaga murya ya ce an kwashe balas, kowa zai tsira, amma kafin azahar labarin zai zama ɗaya: yarinyar ta kusa kifar da mutane, tsohon ne ya ceto. Sunanta ya ƙare a wurin nan ke nan. In ya yi shiru kuwa, ba ya ma son ya ƙarasa tunanin. Sufeto ƙarfe goma zai zo. Yanzu takwas da kwata.

Sai ya tuna da wani dattijo, ubangidansa a jirginsa na biyu. Dattijon yakan ce, ba a ce wa kaftin ya yi kuskure. Ana faɗa masa abin da ruwa ya ce, a bar masa sauran.

Ya laluba aljihu ya fito da littafinsa na aji da guntun fensir, ya sa tabarau, ya ɗingisa har bakin gadar. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Injiniya! Ki taimaki ɗalibi mana. Malamarmu ta ce mu rubuto duk lambar da muka gani a hanya. Waccan da ta leƙo daga ruwa, shida ce ko tara?"

Filin ya ɗauki dariya. Mai fenti ya dafa cikinsa. "Baba, ni na rubuta ta, ni za ka tambaya!"

"Shekara nawa ke nan a aji ɗaya, Baba Balas?" in ji Heluma. "Ko malamar ce ba ka son rabuwa da ita?"

Ta taho da sauri, fuskarta a ɗaure. Ya ga kunyar da ya ba ta, ya ji ta har cikin ƙashinsa, amma bai sauke fensir ɗin da yake nuni da shi ba.

"Baba," ta ce ƙasa-ƙasa, "ba haka muka yi da kai ba."

"Idona ne, Injiniya. Duba min kawai."

Ta duba don ta rabu da shi. Sai ta tsaya. Bai ga ta ƙifta ido ba. Ba ta kalle shi ba, ta wuce shi ta taka gadar, ta faɗa cikin jirgin. Aka ji ƙarar katako ana ɗagawa. Da ta fito, muryarta ba ta hau ba, ba ta sauka ba.

"Heluma, ina ƙarafan da ke ƙasan daɓe?"

Heluma ya washe baki, ya gyara tsayuwa. "Ai gyara muka yi miki, Injiniya! Jiya da kika tafi ofis na ce, babban baƙo zai zo, a ce ya ɗaga katako ya tarar da tarin tsatsa? Mu da shekara ashirin ba mu taɓa miƙa wa mai kaya tanki da ko guntun ƙusa a ciki ba? Muka kwashe tas, muka share, muka shafa fenti. Har magariba muna abu ɗaya. Bayana ma bai dawo daidai ba."

Tsohon ya koma kan durom ɗinsa. Yanzu saura nata.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce mutum goma su shigo jirgin, Heluma na cikinsu, su tsaya a tsakiya. Suka shigo suna raha. Ta ce duk su matsa dama. Suka matsa. Jirgin ya bi su, ya ci gaba da binsu, har bokitin fenti ya gangaro ya wuce ta tsakanin ƙafafunsu, ruwan kogi ya taso yana leƙen bakin ƙarfe. Heluma ya rungume wani ginshiƙi yana salati.

"Ku dawo tsakiya, a hankali," ta ce. Da jirgin ya miƙe ta ci gaba. "Wannan mutum goma ne, a ƙasa. Sufeto arba'in zai sa, a sama. Ƙarafan nan ba shara ba ne, su ne ke riƙe da ku. Laifina ne da na jera su ban zaunar da ku na gaya muku aikinsu ba."

Heluma ya cire hularsa ya share gumi da ita. "Garin gyaran gira, Injiniya..."

"Idon bai fita ba tukuna. Saura awa ɗaya da rabi. Ku yi layi daga can zuwa nan, hannu da hannu, a bar baro."

Ta naɗe hannun rigarta ta shiga ƙarƙashin daɓen da zanenta a hannu, cikin ɗanyen fentin da suka shafa. Ƙarafan suka fara tahowa, kowane curi sai mutum ya yi nishi kafin ya miƙa wa na gaba. Mai kamfanin ya tsaya yana duba agogo, da ya ga tsayuwar ba ta ƙara komai sai ya cire babbar rigarsa ya shiga layi.

Wannan awa ɗaya da rabi ta fi wa tsohon wuya fiye da duk wata guguwa da ya taɓa gani. Hannuwansa suna ƙaiƙayi, sai da ya sa su a ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne. Can ya lura jirgin ya ɗan fara jingina dama, an cika gefe ɗaya. Maganar ta taso masa har maƙogwaro. Kafin ta fito ya ji muryarta daga can ƙasa.

"Tsaya! Hagu yanzu, guda shida a jere. Daga nan ɗaya dama, ɗaya hagu. Mai fenti, miƙo min katakan dannewa da guduma."

Ya haɗiye maganarsa, ya ji ta sauka da daɗi. Ya mayar da idonsa kan goshin jirgin. Kan shida ya nutse. Ruwa ya ci gaba da hawa, kaɗan-kaɗan, kamar ana lallashinsa. Goma saura minti goma ya taɓa ƙafar takwas.

Sufeton ɗan siririn mutum ne mara fara'a, da jaka a hamata. Ya dubi Injiniya daga sama har ƙasa, riga duk fenti da tsatsa. Ya duba lambobin goshi ya rubuta. Ya sa aka ɗaga katako, ya shiga da tocila, ya ƙwanƙwasa ƙarafan da ƙafa ya ga ko ɗaya ba ya motsi. Sannan ya rataya wani zare mai dalma a ƙarshensa, irin na magina, ya kafa ma'auni a ƙarƙashinsa mai jan layi a kowane gefe. In zaren ya haye jan layin, jirgi ya faɗi.

Aka hau da buhunan yashi, ma'aikata suka hau, sufeto ya ƙirga ya ce saura nauyin mutum ɗaya.

"Ga Baba Balas can!" in ji Heluma daga sama. "Yau dai aikinsa ya samu!"

Tsohon bai motsa ba sai da ya dubi 'yarsa.

"Fasinja ne, ba ma'aikaci ba," ta ce wa sufeton. "Zai iya hawa."

Ya hau matakalar a hankali saboda gwiwa. Da ya kai sama ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya tsaya da tafin ƙafa a kan ƙarfen. Aka ja buhunan zuwa dama. Sufeto ya ɗaga hannu, mutane suka bi buhunan. Babu mai raha yanzu. Jirgin ya karkata, ya ƙara karkata, sai ya tsaya cak, kamar wani ya sa hannu daga ƙasa ya tare shi. Zaren ya yi lilo ya natsu. Tsakaninsa da jan layin akwai faɗin yatsa biyu. Aka yi hagu, haka. Da aka ce kowa ya dawo tsakiya, tsohon ya ji jirgin ya taso a ƙarƙashin ƙafarsa ba tare da wata shawara ba. Ya ƙirga. Huɗu.

Sufeton ya rufe alƙalaminsa, ya sake buɗewa. "Wa ya tsara nauyin ƙasan nan?"

Heluma ya riga kowa. "Ita ce, ranka ya daɗe. Da hannunta, a kan idonmu. Dubi rigarta mana."

Sufeton ya sa hannu a takardar shaida, ya buga hatimi. Ihun da aka yi sai da tsuntsayen da ke kan rumfa suka tashi. Tsohon ya sunkuya yana sa takalmi, ya daɗe a sunkuye fiye da yadda takalmi biyu ke bukata.

A hanyar gida tana tuƙi, takardar tana kan cinyarsa. Ya sa tabarau yana bi da yatsa. Ya karanta sunanta, da nasa a bayan nata, ya sake karantawa. A layi na bakwai ya ci karo da kalmarsa, da rubutun Turanci, da nauyinta a gefe.

"Baba," ta ce, idonta yana kan titi, "ka samu ka rubuta wa malamarku lambar?"

"Wace lamba?"

"Wadda ka ce shida ce ko tara."

"Af. Ai kafin in gane ta nutse."

Ta yi dariya, dariyar ta ɗan karye a tsakiya, ta sa bayan hannu ta goge ido, ta bar fenti a kumatunta. Bai gaya mata ba.

Mahaifiyarta tana bakin ƙofa tana jira. Ta ga takardar, ta ga rigar, ta yi hamdala, sannan ta nuna mijinta da haɓa. "Wannan fa? Ya yi shirun?"

"A kan aikina ko tari bai yi ba, Inna. Sai dai ya ba mu kunya da karatu a gaban mutane."

"Ai na faɗa. Shekara uku ana abu ɗaya."

Tsohon ya wuce su ya zauna, ya miƙe ƙafa. Takardar tana hannunsa har yanzu.

"Uwata, in ba za a ce na sa hannu a aikinki ba, ki ara min ita zuwa ƙarfe shida. Yau akwai aji. Ina so in nuna wa malama layi na bakwai."

"A sa ta a leda tukuna, Baba. Hannunka duk tsatsa ne."

Ya dubi hannuwansa. Bai taɓa ƙarfe ko ɗaya ba, daga durom ɗin da ya danne ne. Ya tashi ya je ya wanke.